Jar Wayar da Ka Bari a Gareji

Zuwa ga yayana, Injiniya Kabiru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Idan ka tambayi mutanen gida, matarka Anti Rabi tana lafiya, ta fita takaba, ta koma aikinta na kantin magani. 'Yarka Amira ta koma jami'a. Ni ma ina nan Birmingham ina fama da lissafin mutane kamar yadda ka bar ni. Na san wasiƙa ba ta isa inda ka tafi, na kuma san yawancin masu karanta wannan a shafina ba su san ka ba. Su yi haƙuri su tsaya daga gefe. Maganar motarka zan yi da kai, domin akwai abin da muka yi mata ba da izininka ba, kuma ina so ka ji yadda aka yi tun daga farko.

Ka tuna shekarar da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, ana rufe laburare, ana rage ma'aikata ko'ina. Kai ma guguwar ta biyo ta kanka, aka sallame ka daga sashen fitilun titi na council, wato ƙaramar hukumarku, bayan shekarun da ka yi musu. Duk mun zaci za ka shiga neman wani aiki ido rufe, ko ka fara maganar komawa Kano. Ka samu ɗan aikin wucin gadi, gaskiya ne. Amma abin da ka kira ni in baro Birmingham in zo Salford, gefen Manchester, in gani daban ne.

Na same ka a bakin wani gareji da ka kama haya a bayan unguwarku, kana murmushi har kunne. A ciki ga gangar jikin wata mota da ta girmi Baba, ba gilashi, ba kujera, tsatsa ta ci gindin ƙofofinta. Ka ce Turawa suna kiran irinta hot rod: a ɗauki motar zamanin kakanni, a rage mata tsayi, a dasa mata ƙaton inji, a yi mata fenti mai ɗaukar ido. Na ce maka a garinmu sunan wannan akwala. Ka ce, "Malam Akanta, kai tsatsa ka gani, ni mota na gani."

Daga baya na gane abin da garejin nan ya yi maka. Mutumin da ya saba fita da sassafe ana jiran sa, rana ɗaya aka ce ba a bukatarsa. Da ba don akwalar nan ba, da zaman flat ya cinye ka. Ka kankare tsatsa da hannunka, ka samo inji daga wata motar da ta yi hatsari, ka rage rufin, ka yi mata fenti kore mai duhu. Duk zuwan da zan yi sai na tarar ta ƙara kama da mota, ni kuma sai in rage tsiyar da nake yi maka.

Waya ce aikin ƙarshe, kuma a nan ne halinka ya fito. Kafin ka samu tallafin karatu ka zo ƙasar nan, ka yi shekaru kana koyon rewaya a Ƙofar Ruwa, inda maigidanku yake sayen naɗin waya guda ɗaya ya yi wa mota duka da shi. Ta fitila ja, ta birki ja, ta hon ja. Wace ce ta tafi ina, wannan yana cikin kan mai aiki. Ka zo nan ka yi digiri, ka yi aiki da Turawa inda kowace waya take da launinta da lambarta, kana bin ƙa'idar nan daga safe har yamma. Amma da ka samu motar kanka a garejin kanka, sai ka je ka sayo ƙaton naɗin jar waya. Hali zanen dutse ne, Yaya.

Na leƙa ƙarƙashin dashbod wata rana, na ga abu cunkus kamar taliya da manja. Na ce me ya hana ka sa masu launi? Ka ce, "Kala ta masu mantuwa ce." Na ce to idan wani ya zo buɗe motar nan fa? Ka ɗago kai daga cikin injin ka ce, "Wani wa? Ina raye?" Muka yi dariya, ka aike ni in sayo mana shayi.

Ba ka kai ga tayar da ita ba. Da safe ka fita za ka hau tram, jirgin nan na cikin gari, zuciya ta tsaya a tasha, kafin in iso daga Birmingham an riga an rufe maka fuska. Muka binne ka a Manchester ana yayyafi. Ban taɓa jin baƙunta a ƙasar nan irin ta ranar ba.

Anti Rabi ta yi abin da ake yi. Ta fitar da kayanka sadaka don a mora ka samu lada. Kaftanonin suka tafi wurin ɗaliban da ke zuwa masallacinku, huluna da takalma aka raba, har rigar sanyin nan taka mai nauyi na ga wani ɗan Katsina sanye da ita ranar Juma'a. Ta yi duk wannan ido a bushe, har mata suna yaba ƙarfin halinta. Garejin kuwa aka bar shi a kulle, babu wanda ya tayar da maganarsa.

Sai ga sanarwa daga masu garejin. Su ma tsukewar ta kai gare su, sun sayar da filin duka za a gina gidaje, kowa ya kwashe kayansa kafin sanyi ya shigo. Ka san flat ɗinku a sama yake, ba fili, ba tsakar gida. Nawa gidan a Balsall Heath ko keke da ƙyar yake samun wuri. A bakin titi kuma ba a ajiye mota sai mai tashi, wadda ta ci gwajin hukuma, take da takardu. Magana ta zama ɗaya: ko motarka ta fita daga garejin nan da ƙafarta, ko 'yan gwangwan su zo su ja ta. Har wani ya zo ya zagaya ta, ya doki tayar da ƙafa, ya ce shi injin kawai yake so, sauran a matse. Amira tana tsaye, sai ta juya ta fita waje.

A nan na yi karambanin akuya. Na ce tun da ka kusa gamawa, ai saura a haɗa batir kawai. Na haɗa. Waifa ta fara kaɗawa ba wanda ya taɓa ta, hon ya kama kuka, sai hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin dashbod da warin ƙonanniyar roba. Na fizge kan batir ɗin har na ƙona yatsa. Ashe akwai bakin wayoyin da ba ka gama haɗawa ba, kai kaɗai ka san su.

Na ɗauki hotuna na kai wa wani dattijo ɗan asalin Jamaika mai shagon wayar mota a Handsworth, nan Birmingham, ana ce masa Mista Leroy. Yana gani ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga abin mamaki. Da na ce masa mai aikin ya rasu, sai ya cire gilashinsa ya ba ni haƙuri. Ya ce hannunka mai tsabta ne, haɗin ya yi kyau, amma babu mai rewayar da zai sa hannu a nan. Wata waya ta narke, ba a san ko nawa ta lasa a cikin damin ba, kuma bin su ɗaya bayan ɗaya zai ci lokacin da ba mu da shi. Shawararsa ita ce a sayi damin waya haɗaɗɗe, irin wanda kamfani ke yi wa masu gina irin wannan mota. Yana zuwa da akwatin fis ɗinsa, kowace waya da launinta, an kuma buga sunan inda za ta a jikinta daga farko har ƙarshe.

Ya baje mini su a kan kanta. Ban san zaɓen waya yana da wuya haka ba, Yaya. Akwai 'yan Amurka, su suka fi yawa da sauƙi, amma an yi su ne don mota mai sitiyari a hagu, a taka wasu wayoyin ba za su kai ba. Kuma a tsarinsu birki da sigina ƙwan fitila ɗaya suke rabawa, kai kuwa ka riga ka saka sigina mai ruwan lemo daban. Akwai ƙaramin dami mai layi goma sha biyu, wanda ya ishi motar da ba ta da na'urar sanyi ko gilashi mai hawa da kansa. Akwai babba mai layi ashirin da ɗaya, rabinsa zai zauna ba aiki. Ya ce in kula da kaurin wayar caji, domin injin da ka dasa ba na wasa ba ne, siririya za ta yi zafi. Ni akanta, idona ya tafi kan ƙaramin. Amma ko wanne na ɗauka sharaɗin ɗaya ne: sai an fitar da naka duka, ba a haɗa su. Ya yanko mini ɗan guntu mai ruwan ɗorawa in je in nuna a gida.

Na hau mota na je na gaya wa Anti Rabi. Ta saurare ni har na gama, ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Nasiru, riga tela ne ya ɗinka, takalmi a kanti aka saya. Wayar nan kuwa hannun yayanka ce. Ba mai taɓa ta." Amira ta taso da Turancinta na 'yan Manchester, wai Abba ba don a kulle ta ya gina ta ba, kuma masu garejin ba za su jira mu ba. Uwa ta ce ba ta san komai ba, 'ya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kwanaki suka yi suna gaisawa sama-sama, ni ina tsakiya kowa na kira na.

Gaskiyar magana, a hanyar komawa Birmingham na ga bakina yana tare da Amira, zuciyata tana tare da uwarta. A gida idan mutum ya rasu, akwai ɗakin da ya gina, akwai bishiyar da ya dasa, akwai majalisar da za a yi shekaru ana cewa nan wane yake zama. A nan me ka bari da za a nuna? Flat na haya ne. Ofishinku an haɗe shi da wani. Fitilun da ka yi shekaru kana kula da su ma an fara kashe wasu don a rage kashe kuɗi. Abin da ya rage wanda yatsunka suka murɗa, suka naɗe da salatif, shi ne jar wayar nan. Ni kuma na zo da guntuwar wayar kamfani a aljihu ina cewa a cire.

Wata Asabar da safe Anti Rabi ta kira ni ta ce in zo in kai ta garejin. Na yi mamaki, domin a sanina ba ta da abin faɗi a kan motar nan sai "akwalar yayanka". Muna shiga ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta zagaya baya ta durƙusa wajen fitilu, ta ce in shiga gaba in kama waya ɗaya in ja a hankali. Na ja. Ta ce, "Birki." Na ja wata. Ta ce, "Sigina ta hagu."

A ranar na san yadda kake aiki. Waya mai launi ɗaya ba a bin ta da ido, sai mutum biyu: ɗaya ya ja daga nan, ɗaya ya ga wadda ta motsa a can. Ashe duk yammacin da ta taso daga aiki nan take biyowa, ta durƙusa a kan kwali cikin sanyi, kana ja tana faɗa. Ba ka taɓa gaya mini ba, ita ma ba ta taɓa ba. Ta zo ne da niyyar mu bi su duka, mu ɗaura wa kowace alama, mu nuna wa mutumin Handsworth cewa ba sai an cire ba.

Na baya sun ba mu haɗin kai. Da muka zo ƙarƙashin dashbod aiki ya tsaya. Inda wutar ta lasa sun manne da juna, in ja ɗaya uku su motsa. Waɗanda ba su manne ba kuma ban san me na kama ba, kai kuwa kafin ka ja ka san daga ina ta taso, tabbatarwa kawai kake nema. Ta yi ta cewa in sake ja, ina sakewa, muryarta tana raguwa. Can ta ce, "Ni ƙarshensu na sani. Farkon yana wurinsa."

Akwai kuma wata guda ɗaya da ta bi ta ƙarƙashin kujerar mai zaman banza ta tsaya a nan, an naɗe bakinta da salatif, ba a haɗa ta da komai ba. Ita ma ba ta san ta ba. Muka yi ta kallon ta kamar za ta yi magana.

Anti Rabi ta zauna a kan wani bokiti da ka kife. Sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta guntun nan da na zo da shi. Ta juya shi, ta karanta rubutun da ke jikinsa, ta bi shi da yatsa har inda aka sake buga shi. Ta ce, "Wannan an yi ta ne don wanda ba shi da mai riƙe masa." Ta share ido da bakin mayafi, karo na farko da na ga hawayenta tun ranar jana'iza. Ta ce, "Ka sayo, Nasiru. Mu ma yanzu haka muke."

A kan ƙarami da babba ma ita ta yanke. Ta ce in ɗauki mai sarari, ko wata rana mu gane abin da ka nufa da ta ƙarƙashin kujera. Ita tana ganin abin ɗumama kujera ka so saka mata, saboda mitar sanyin da take yi maka. Amira ta rantse lasifika ce. Ni kuwa da na san ka, ban cire tsammanin waya ce ta yi maka saura ka ji ƙyashin yanke ta ba. Na koma wurin Mista Leroy na ɗauki babban, ƙirar nan ƙasar, mai sitiyari a dama, da wayar caji mai kauri.

Ba ta bari mun sa almakashi ba. Ita ta cire su da hannunta, tana kwance kowace daga mazauninta, tana naɗewa a gwiwar hannu kamar mai naɗe zaren saƙa. Ta wuni tana yi. Ta zuba su a jaka ta tafi da su gida, ban tambaye ta inda ta ajiye ba.

Daga nan kowace Asabar ina kan hanyar Manchester. Ni da Amira muka shimfiɗa sabon damin a ƙasa, muka raba na gaba, na baya da na dashbod. Abin haushi, Yaya, aikin bai yi wuya ba. Ka karanta jikin waya, ka kai ta inda ta ce. Akanta da ɗalibar shari'a suka yi wa mota rewaya. Amira tana kwance ƙarƙashin sitiyari tana cewa, "Baffa, pass me filaya," ina gyara mata Hausa tana gyara mini riƙon sukundireba. Garejin maƙwabta suna ta zama kango ɗaya bayan ɗaya, har aka kawo motar rusau aka ajiye a bakin layin. Mista Leroy ya hau jirgin ƙasa wata Lahadi ya zo ya duba mana, ya ƙara ɗaure waya ɗaya a jikin ƙarfe, ya ci tuwon Anti Rabi har da ƙari.

Ranar da aka ba mu ta gwaji ta faɗo a makon ƙarshe. Muka haɗa batir, na tsaya ina shinshina iska, ba hayaƙi. Anti Rabi ta yi bisimilla, Amira ta murɗa makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru. Amira ta sake murɗawa. Yaya, da ka ji ƙarar nan! Rufin kwanon garejin ya ɗauki rawa, tantabaru suka watse, wani Bature da ke kwashe kayansa ya saki kwali ya zo yana tafi. Fitila ta kama, sigina ta kama, birki ya kama, hon ya yi shiru sai da aka danna shi.

Kujera biyu ka yi mata, saboda haka ba a yi shawara da ni ba. Amira ta riƙe sitiyari, uwarta ta zauna a gefe ta ƙanƙame jaka, aka bar ni in biyo su a tawa. Motarka ta ci gwajin. Yanzu tana bakin titi a ƙasan tagarku, an lulluɓe ta da tamfol, yaran unguwa suna ɗaga gefe suna leƙe.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubuta maka ba. Lokacin da suka fita daga layin garejin, na tsaya ina kallon bayan motar, sigina tana ƙiftawa daidai, ta sha kwana ta hau babban titi. Watanni ina tsoron kada ta ƙi tashi. Ban taɓa tunanin tashin nata ne zai yi mini ciwo ba. Babu ko zare ɗaya na wayarka a jikinta, kuma ba ta yi gardama ba, tafiyarta kawai ta yi. Sai na ga mu ma haka muka yi. Mun koma aiki, mun ci abinci ya yi mana daɗi, ranar nan har dariya muka yi a falonka. Na zauna a motata na kasa tayar da ita, ina kuka kamar ranar ne aka gaya mini.

Ka yafe mana, Yayana, da muka iya tafiya ba ka.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya karɓi wahalar da ka sha a kanmu a matsayin ibada. Allah Ya ba Anti Rabi haƙurin da ya fi wanda take nuna wa mutane, Ya tsare Amira a kan kowace hanya. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Wassalam.

Ƙanenka da har yanzu bai saba ba,
Nasiru
Balsall Heath, Birmingham